Ruwa ya sauko ana tsaka da tsere: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen taya da lokacin shiga gareji

Duk wanda ya saba kallon tseren motoci ya san cewa da zarar hadari ya haɗu a saman fili, shirin da aka kwana ana yi ya tashi aiki. Motar da ta fi kowace gudu tana iya ƙarewa ta bakwai, wadda ta taso daga can ƙarshen layi kuma ta shiga cikin ukun farko. Galibi abin da ke kawo hakan shawara ce guda da aka yanke cikin 'yan daƙiƙoƙi: a shigo a canza taya yanzu, ko a ƙara zagaye ɗaya. Yawancin misalan da ke ƙasa daga gasar Formula 1 suke, domin a can ne ake jin maganar direba da injiniyansa a fili, sai dai akwai na wasu gasannin ma.

Taya iri nawa direba yake da zaɓi a kansu idan ana ruwa?

Iri uku. Ta farko ita ce ta busasshiyar hanya, wadda masu harkar ke kira silik. Fuskarta sumul take, ba tsaga ko ɗaya, domin robar ta kwanta gaba ɗaya a kan kwalta. Ita kanta ta kasu uku a kowane tsere: mai laushi da jan zobe a gefe, matsakaiciya da rawaya, mai tauri da fari. Ta biyu ita ce inta, mai koren zobe, wadda tsagoginta ba su da zurfi sosai, an yi ta domin hanya mai danshi ko mai ruwa daidai gwargwado. Ta uku mai shuɗin zobe ce, tsagoginta masu zurfi, domin ruwan da ya kwanta a hanya.

Kamfanin Pirelli, wanda shi kaɗai ke ba gasar taya tun 2011, ya ce shuɗiyar taya guda tana iya kore kusan lita 85 na ruwa a daƙiƙa ɗaya idan mota na gudun kilomita 300 a awa. Inta ba ta kai rabin haka ba.

Me ke samun silik a jiƙaƙƙiyar hanya? Kuma me zai hana a sa tayar ruwa tun da wuri a huta?

Abu biyu ke samun ta. Na farko, ruwan ba shi da hanyar fita daga ƙarƙashinta, sai ya shiga tsakanin roba da kwalta. Idan ya yi yawa motar takan hau kansa kamar kwalekwale, sitiyari da burki duk su daina jin magana. Na biyu, kuma shi ne mai kallo bai cika lura da shi ba, shi ne sanyi. Silik tana kama ƙasa ne idan ta yi zafi kusan na tafasasshen ruwa. Yayyafi ya sa direba ya rage gudu, rage gudun ya sa taya ta huce, hucewar ta sa dole ya ƙara ragewa. A haka cikin zagaye biyu mota za ta koma kamar tana tafiya a kan sabulu.

Tayar ruwa kuwa robarta mai laushi ce, ruwan ne ke sanyaya ta. A busasshiyar kwalta tsagoginta kan yi ta motsi, ta ɗau zafi fiye da kima, ta fara narkewa tana zubar da roba. Shi ya sa idan hanya ta fara bushewa za ka ga direbobi suna kauce wa busasshen layi a miƙaƙƙiyar hanya suna bi ta inda ruwa ya rage, domin su jiƙa tayoyinsu. Wanda ya sa inta da wuri yana jiran ruwan da bai zo ba, kafin ruwan ya iso ya riga ya ƙone ta.

To yaya ake gane lokacin da ya dace a canza?

Da agogo. Kowace ƙungiya tana zuwa tsere da lissafin iyakar da taya ɗaya ke daina fin ɗaya. A taƙaice, idan lokacin zagaye ya ƙaru da abin da ya ɗara kashi goma cikin ɗari kaɗan a kan na busasshiyar hanya, an shiga yankin da silik da inta ke kunnen doki. Idan ya ƙara nisa sosai, an doshi yankin shuɗiya. Injiniyoyi na kallon lokacin kowace mota a kowane sashe na hanyar, ba a cikakken zagaye kawai ba, domin jiran zagaye ya cika yana iya zama latti.

Amma babu abin da ya kai ganin ido. Da zarar wani ya yi ta maza ya canza taya, ya zama zakaran gwajin dafi ga kowa. Duk garejin fili sai su zuba wa lokutansa ido. Idan ya fito ya yi sashe guda da ya fi na jagoran tsere sauri, a zagaye na gaba layin gareji zai cika maƙil.

Inda wuyar take shi ne, agogo yana faɗar abin da ya riga ya wuce. Tayar da za a sa yanzu kuwa za ta yi aiki ne a zagaye goma ko ashirin masu zuwa. Wanda ya jira sai lambobi sun tabbatar masa, sau da yawa ya makara da zagaye ɗaya, kuma a ruwa mai ƙaruwa zagaye ɗaya kan tayar da ba ta dace ba yana iya cin daƙiƙa ashirin ko fiye.

Tsayawa guda nawa take ci?

Canjin tayar kansa ba wani abu ba ne: daƙiƙa biyu zuwa uku, da makanikai kusan ashirin, uku a kan kowace taya. Ƙungiyar McLaren ta yi wa direbanta Lando Norris a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Abin da ke cin lokaci shi ne layin gareji, inda doka ta ƙayyade gudu a kilomita 80 a awa a yawancin filaye, 60 a wurare masu matsi irin Monako. Idan aka haɗa shiga da tsayawa da fita, asarar takan kai daƙiƙa 20 zuwa 25.

Daga nan lissafin mai sauƙi ne a takarda. A ce tsayawa za ta ci daƙiƙa 22, saura zagaye biyar. Idan inta ta fi silik da daƙiƙa uku a zagaye, ribar 15 ce, ba ta biya ba, a zauna a waje. Idan ta fi ta da goma, ribar 50 ce, a shigo. Matsalar ita ce babu wanda ya san ko uku za ta zama goma nan da minti biyu. Kuma idan aka yi kuskure, sau biyu ake biyan kuɗin: shiga a sa, da komawa a cire.

Wa ke da ta cewa, direba ko injiniyoyi?

Kowannensu rabin labarin yake gani. Direba ne ke jin yadda motar ke zamewa a ƙarƙashinsa, shi ke ganin ɗigo a gilashin kwalkwalinsa, shi ya san kwanar da ta fara bushewa. Injiniyoyin da ke zaune a bakin gareji su ke ganin hadarin da ke tafe a na'ura, su ke ganin lokutan sauran motoci. Saboda haka masu harkar suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: idan hanya na bushewa a saurari direba, idan ruwa na tafe a saurari gareji.

Ɓangaren farko Jenson Button ya nuna shi a Ostireliya a 2010. Tun a zagaye na shida ya yanke wa kansa shawarar komawa silik, lokacin da kowa ke ganin ya yi gaggawa. Yana fitowa ma sai da ya zame ya bar hanya. Bayan zagaye biyu zuwa uku kowa ya bi sahunsa, shi kuma ya ci tseren.

Ɓangare na biyu shi ne Sochi ta Rasha a 2021. Norris na gaba, yana dab da cin tserensa na farko, Lewis Hamilton na biye da shi, sai yayyafi ya fara saura zagaye kaɗan. An tambayi Norris ko yana son inta, ya ce a'a. Shi ma Hamilton da farko bai amsa kiran ba, amma ƙungiyarsa Mercedes ta nace masa cewa ruwan zai ƙaru, ya shiga. Ruwan ya tsuge, Norris ya riƙa zamewa har ya bar hanya, ya ƙare na bakwai. Hamilton ya ci nasararsa ta ɗari, Max Verstappen da ya tashi daga ƙarshen layi ya zo na biyu. A ganina laifin ranar ya fi karkata ga garejin McLaren fiye da direban. Tambayarsa suka yi, alhali su ne ke da labarin da shi ba shi da shi. A irin wannan lokaci umarni ake bayarwa, kalmar nan ta kiran direba gareji da injiniyoyi ke maimaitawa a rediyo, "boks, boks", ba neman ra'ayi ba.

Ashe ba su da na'urar hasashen yanayi?

Suna da ita, kuma mai kyau. Ana kafa na'urar rada kusa da fili, duk ƙungiyoyi na ganin hoton hadari yana matsowa. Tana iya cewa ruwa zai iso nan da minti takwas. Abin da ba ta iya faɗa daidai shi ne ƙarfinsa a kan kwalta, da kuma kwanar da zai fara jiƙawa. Ga hadarin da kan haɗu a saman filin kansa ba tare da ya taso daga wani wuri ba. Shi ya sa har yau za ka ga injiniya ya miƙa hannu waje yana jin ɗigo, ko ana kallon 'yan kallo a wata kwana mai nisa a ga ko sun fara buɗe lema.

Tsawon fili ma na da nasa. Spa ta Beljiyam ta kai kilomita bakwai, ana iya sheƙa ruwa a gefe guda ɗaya gefen na bushe ƙamas. Ko a ƙaramin fili hakan na faruwa. A Monako a 2023 Fernando Alonso na matsayi na biyu ya shiga gareji lokacin da ruwan ke wani sashe kawai, aka sa masa sabuwar silik, zagaye na gaba ya dawo a sa masa inta.

Me ya sa kullum na baya ne ke fara yin kasada?

Domin ba su da abin asara. Maki na mutum goma ne na farko. Wanda ke na goma sha bakwai, in ya yi kasada ta ƙi, ya koma na goma sha tara, bai rasa komai ba. In ta yi kyau kuwa, ya samu abin da motarsa ba za ta taɓa ba shi a busasshiyar rana ba. Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama.

Markus Winkelhock ne misalin da ba a mantawa. A Nürburgring ta Jamus a 2007, a tserensa na farko kuma na ƙarshe a Formula 1, yana tuƙa Spyker, motar da ta fi kowace rauni. Ƙungiyarsa ta hango hadari, ta kira shi gareji tun kafin a tashi, ta sa masa tayar ruwa. Ruwa ya ɓarke a zagayen farko, manya suka yi ta zamewa suna rububin gareji, sai ga Winkelhock a gaba da tazara mai yawa. Bai gama tseren ba, motar ta lalace, amma ya jagorance shi. A Hockenheim ta Jamus a 2019 ma Lance Stroll da Daniil Kvyat suna cikin waɗanda suka riga kowa komawa silik a ƙarshe. Kvyat ya zo na uku, Stroll na huɗu.

Jagoran tsere kuwa yana cikin gaba kura baya sayaki. Shi ke fara isa ƙofar gareji, don haka shi ke fara yanke shawara, na bayansa kuma suna kallonsa. In ya shiga, na biyu na iya zama a waje ya karɓe gaba. In ya wuce, na biyu na iya shiga ya samu tayar da ta dace zagaye guda kafin shi. Babu inda wannan ya fito fili kamar Hungari a 2021. An tsayar da tsere bayan karo a kwanar farko, kafin a sake tashi rana ta fito hanya ta bushe. A ƙarshen zagayen share fage duk motoci suka kwarara gareji neman silik, Hamilton da ke gaba shi kaɗai ya je ya tsaya a layin tashi a kan inta. Mota ɗaya tilo a gaban fitilu, abin dariya abin tausayi. Mercedes ta ce garejinta na farkon layi ne, da ya shiga da sai ya jira jerin motoci sun wuce kafin a sake shi. Zagaye na gaba ya shiga, ya fito na ƙarshe, Esteban Ocon ya ci tseren.

Wannan ne ya sa nake ganin ba a yi wa jagora adalci idan aka auna shi da wanda ya ci sa'a daga baya. Tambayar da ke gabansu ba iri ɗaya ba ce.

Zama a waje a kan silik ana ruwa yana taɓa biya kuwa?

Yana biya, idan ruwan bai game fili ba ko tseren ya kusa ƙarewa. Rubens Barrichello ya samu nasararsa ta farko a haka, a tsohuwar Hockenheim a 2000, bayan ya tashi daga na goma sha takwas. Ruwa na sauka a wajen garejin, dogayen hanyoyin cikin daji kuwa a bushe. Abokan hamayyarsa suka shiga neman tayar ruwa, shi ya zauna, ya riƙa lallaɓawa a jiƙaƙƙen sashe yana ramawa a busasshen.

Timo Glock na Toyota ya yi irin wannan a Brazil a 2008, kuma mutane da yawa sun ɗauka kuskure ya yi. Bai yi ba: zaman da ya yi a waje ne ya kai shi gaban Hamilton tun farko. Sai dai ruwan ya ƙaru a zagayen ƙarshe, tayarsa ta daina kama ƙasa, Hamilton ya wuce shi a kwanar ƙarshe ya zo na biyar, ya ɗauki kambun duniya da maki ɗaya a kan Felipe Massa. Da ruwan ya jinkirta da rabin minti, da labarin ya sha bamban.

Mene ne batun tsohuwar inta da ake cewa tana komawa silik?

Idan hanya na bushewa a hankali ba tare da ta kai ta silik ba, tsagogin inta kan cinye har tsakiyarta ta yi sumul. A wannan yanayi tsohuwar tana iya fin sabuwa sauri, domin sabuwar inta a hanya mai ɗan danshi tana shiga wani lokaci da robarta ke dunƙulewa a fuska, mota ta riƙa zamewa na zagaye da dama kafin ta daidaita.

A Turkiyya a 2020 Hamilton ya yi kusan zagaye 50 a kan inta guda ya ci tseren, ya kuma ɗauki kambunsa na bakwai. Da aka yi maganar ya shigo a ƙarshe don kariya, ya ƙi, daga baya ya ce abin da ya same shi a Sin a 2007 ne ya tuna. A wancan karon an bar shi a waje har tayar bayansa ta cinye zuwa zare, da ya zo shiga gareji ya zame cikin tsakuwa a bakin ƙofar ya maƙale, kuma ya rasa kambun shekarar da maki ɗaya. Abin lura, a 2007 daɗewa a waje ce ta kashe shi, a 2020 ita ce ta ba shi nasara. A fili ɗaya na Turkiyya a 2021 Ocon ya gama tsere gaba ɗaya bai tsaya ko sau ɗaya ba, ya tsira da maki guda da tayar da ta kusa fashewa, Hamilton kuwa ya yi ta jayayya da garejinsa, ya shiga a makare, ya sauka daga na uku zuwa na biyar.

Ana iya tsallake inta, daga shuɗiya kai tsaye zuwa silik?

Ana iyawa, kuma ribar tsayawa guda ce cur. Sai dai yana buƙatar fili da wuce mota ke da wuya, domin za a yi zagaye da dama a kan tayar da ta riga ta gaji. Monako ce gidan wannan dabara. A 2016 Daniel Ricciardo ya bi matakai, shuɗiya, inta, silik. Hamilton ya daure a kan shuɗiya yana tare hanya har zagaye na 31, ya sa silik kai tsaye. Duk da haka Ricciardo ne zai fito gaba, ba don ya iso gareji ya tarar tayoyinsa ba su fito ba.

Me ya sa ba a cika ganin shuɗiyar taya ba?

Saboda feshi. Ruwan da taya ta kora, da wanda ƙasan mota ke zuƙa ya watsa sama, yana zama farin hazo a bayanta. Motocin sun ƙara faɗi da faɗin taya tun 2017, abin ya ƙaru. Duk lokacin da ruwa ya kai a ce sai shuɗiya, galibi direban da ke baya ba ya ganin komai, sai shugaban tsere ya fito da motar kariya, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, ko ya ɗaga jar tuta a tsayar da tsere. Lokacin da aka ga hanya ta isa a yi tsere kuwa, inta ta riga ta fi sauri. Haka aka yi a Spa a 2021: 'yan zagaye a bayan motar kariya, aka tashi, aka raba rabin maki. A Suzuka ta Japan a 2022 an wajabta shuɗiya wajen sake tashi, amma motar kariya na kaucewa Sebastian Vettel da Nicholas Latifi suka faɗa gareji neman inta, kuma dukkansu suka ƙare da maki.

Ƙungiyar Haas ta gwada tashi da shuɗiya a Kanada a 2024. Kevin Magnussen ya haura daga na goma sha huɗu zuwa na huɗu cikin 'yan zagaye, sannan ruwan ya lafa, ribar ta narke. Hukumar FIA mai kula da gasar ta gwada sa wa tayoyi murfi don rage feshin a 2023 da 2024, bai yi wani tasiri ba.

Tsaurin da shugabannin tsere ke yi a yau yana da tushe. A Suzuka a 2014, cikin ruwa, Jules Bianchi ya zame ya daki motar da ke janye wata mota, ya rasu a 2015 sakamakon raunin.

Yaya motar kariya da jar tuta ke shiga lissafin?

Idan motar kariya na waje kowa na tafiya a hankali, don haka asarar shiga gareji kan ragu zuwa kusan rabi. Jar tuta ta fi haka: an tsayar da tsere, kowa na iya canza taya kyauta. A ranar ruwa kuwa yiwuwar wani ya yi karo tana da yawa, saboda haka wasu ƙungiyoyi kan bar direba a waje da gajiyayyar taya suna jiran wannan kyautar.

Brazil ta 2024 ta nuna yadda abin ke da zafi. George Russell da Norris na gaba, ruwa na ƙaruwa, suka shiga suka sa sabuwar inta, abin da kowane mai hankali zai yi. Verstappen, da Ocon da Pierre Gasly na Alpine, suka zauna. 'Yan zagaye kaɗan Franco Colapinto ya yi karo, aka ɗaga jar tuta, su ukun suka canza taya ba su biya ko daƙiƙa ba, kuma su ne suka ƙare a ukun farko, Verstappen daga na goma sha bakwai. Ni dai dokar nan ba ta kwanta mini ba, domin tana hukunta wanda ya yi hattara. Amma hujjar masu ita ma tana da ƙarfi: bayan karo hanya cike take da tarkace, ba za a tilasta wa mutum komawa da tayar da wataƙila ta tsage ba.

Me ya sa gareji ke rikicewa a ranar ruwa?

Kowace ƙungiya motoci biyu gare ta amma wurin tsayawa ɗaya da makanikai rukuni ɗaya. A busasshiyar rana ana raba lokacin shigarsu. A ruwa kuwa duka biyun na son taya ɗaya a zagaye ɗaya, na biyun sai ya tsaya a baya yana jira. Haka ta faru da Charles Leclerc a Monako a 2022, a garinsu, bayan ya tashi daga gaba: an kira shi, aka ce ya zauna a waje bayan ya riga ya shigo, ya tarar da abokin ƙungiyarsa Carlos Sainz a wurin, ya ƙare na huɗu.

Ga kuma shawarar da ke canzawa a daƙiƙar ƙarshe. Tayoyi na cikin bargon ɗumi a cikin gareji, kowane direba da nasa, ba a sa wa ɗaya na ɗaya. In direba ya faɗo ba sanarwa, sai ka ga makanikai na gudu da tayoyi a hannu. A Hockenheim a 2019 Hamilton ya daki bango kusa da ƙofar gareji ya shigo ba shiri da karyayyen fiffiken gaban mota, ya shafe kusan daƙiƙa 50 a tsaye.

Dokar amfani da taya iri biyu tana aiki a ruwa?

A'a. A busasshen tsere dole direba ya yi amfani da silik iri biyu, amma da zarar ya sa inta ko shuɗiya wannan sharaɗin ya faɗi. Shi ya ba Ocon damar gama tseren Turkiyya ba tsayawa.

Banda taya, ana taɓa wani abu a motar?

Kaɗan. Makanikai kan juya kusurwar fiffiken gaba yayin tsayawar domin daidaita motar da sabuwar tayar, direba kuma yana sauya rabon burki tsakanin gaba da baya daga sitiyarinsa. Shan mai a tsakiyar tsere an hana shi tun 2010.

Yawan shiga gareji ba alamar an rikice ba ne?

Wani lokaci haka ne. A Donington ta Ingila a 1993 Alain Prost ya tsaya sau bakwai yana bin yanayi a baya, Ayrton Senna ya tsaya sau huɗu ya ci tseren da tazara mai nisa. Amma a Kanada a 2011, tseren da ya ɗauki sama da awa huɗu saboda tsayarwar ruwa, Button ya bi ta layin gareji sau shida, har da na hukunci, ya taɓa zama na ƙarshe, sannan ya wuce Vettel a zagayen ƙarshe ya ci. Verstappen ma sau biyar ya tsaya a Hockenheim a 2019. Abin da ya taimaki su biyun shi ne motar kariya da ta riƙa fitowa tana haɗe motoci wuri guda, tana goge asarar da aka yi a baya. A irin wannan rana tsayawar ƙarshe ce ke da nauyi.

Sauran gasanni fa?

A tseren babura na MotoGP ba a canza taya, babur ɗin ake canzawa gaba ɗaya. In yanayi ya juya ana ɗaga farar tuta, mahayi ya shigo ya dire daga wannan ya haye wancan da aka riga aka shirya. A Austriya a 2021 ruwa ya sauko saura zagaye kaɗan, na gaba suka shiga canji, Brad Binder ya zauna a kan silik ya lallaɓa har ya ci, yana tafiya da ƙyar a zagayen ƙarshe.

A Amurka, tseren Indianapolis 500 ba a yin sa a ruwa sam, domin gudun da ake yi a zagayayyen fili kusa da bango ya fi ƙarfin kowace tayar ruwa. Jira ake yi hanya ta bushe. Dabarar a can ita ce kasancewa a gaba lokacin da ruwa ya sauko, tunda in tsere ya wuce rabi ana iya rufe shi a haka. A tseren awa 24 na Le Mans a Faransa kuwa zagaye guda ya haura kilomita 13, don haka wanda ya wuce ƙofar gareji da tayar da ba ta dace ba zai yi minti huɗu ko fiye yana da na sani, wataƙila cikin dare. Su kuma sukan yi ƙoƙarin haɗa canjin taya da lokacin shan mai. Formula E, gasar motoci masu lantarki, ta sauƙaƙa wa kanta da taya mai tsaga iri guda ta rana da ruwa.

Ni mai kallo, me zan sa wa ido don in gane abin da ke shirin faruwa?

Fara da kwalta: idan wani layi mai haske ya bayyana a inda motoci ke bi, kuma feshin bayansu ya ragu, silik ta kusa. Duba ko direbobi sun fara fita daga layin suna neman ruwa. Sannan ka bar na gaba, ka nemi sunan wanda ya fara canza taya a can ƙasan jadawali, ka bi lokutansa. Zagayensa na farko ba ya nuna komai, tayar ba ta ɗau zafi ba tukuna. Na biyun ne abin dubawa. Idan lokacinsa na wani sashe ya fito da launin shunayya a allo, ma'ana ya fi kowa sauri a wurin, duba ƙofar garejin manyan ƙungiyoyi, za ka ga makanikai sun miƙe sun fara zare barguna daga tayoyi.